Jan Rubutun Da Kika Ƙi Karantawa

Kaladan, Tamale
Asabar, bayan la'asar

Zuwa ga uwata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi. Allah Ya sa takardar nan ta same ki da zuciya a kwance. Allah Ya tsare miki hanyar Kumasi gobe, Ya kare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki lafiya a hannun mutanen kirki.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke, bango ne kawai tsakanin ɗakina da naki, amma sai ga takarda. To ya zan yi? Tun ranar Alhamis daga bakin ƙofa kike gaishe ni, kafin in ce "shigo" kin ɓace. Ni kuma bakina ba ya iya yi wa mai sunan uwata faɗa. Da na buɗe shi sai in ji kamar tsohuwa ce za ta juyo ta ce, "Hamidu, ni kake ɗaga wa murya?" Shi ya sa na zauna gaban kibod. Ido ya tafi, kin sani, likita ya ce ba mai dawowa ba ne, amma yatsu ba su manta wurin haruffa ba. In kin ga kuskure a rubutun ki wuce shi, ban gan shi ba.

Farkon makon nan kin shigo min da tambaya, muryarki cike da murna. Kamfanin nan na Kumasi da ke rubuta wa asibitoci manhaja ya kira ki gwaji na mako guda daga Litinin, in kin ci su ɗauke ki aiki. Sun ce ki faɗi IDE ɗin da kike so a sa miki a kwamfutar ofis. Kika ce, "Baba, wanne ne ya fi kowanne?" Mmanki, mahaifiyarki, tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Mene ne kuma wannan abin?" Na ce mata shagon tela ne na mai rubuta furogiram: keke, almakashi, teburi da dutsen guga duk a ɗaki ɗaya, nan zai rubuta, nan zai gwada, nan zai bi sawun kuskure. Ta ce, "To ta zaɓi mai fanka." Muka yi dariya, na ce ki ba ni kwana biyu in yi tunani. Wallahi ranar nan ji na yi kamar an ƙara min tsawo. Shekara da shekaru ina koyar da kwamfuta a sakandare, yau ga 'yata tana yi min tambayar abokin sana'a.

Sai ga ranar Alhamis.

Furogiram ɗin bohol ya tsaya. Kin san shi, kin girma kina jin ƙarar tsohuwar wayar da na haɗa masa. Shi ke raba wa gidajen layinmu ranar ɗibar ruwa da lokacinta, ya tura wa kowace mata saƙo, tun da famfo ya koma zuwa unguwar nan sai ya ga dama. Kafin shi, ki tambayi Mmanki, ba a yin mako ba a fasa bokitin wata a bakin bohol ba. Na danna abin da na saba dannawa, ban ji ƙarar da yake yi in ya gama ba. Ban damu ba ko kaɗan. Na ce a raina, ina da injiniya a gida, me zai dame ni? Na ƙwala miki kira.

Kika ja kujera kika zauna. Shiru. Ban ji kibod ba. Na ce, "Me ya ce?"

Kika ce, "Baba, wani jan rubutu ne ya cika allon."

Na ce, "To karanta min."

Kika ce, "Yana da yawa, Baba. Bari netwok ya dawo, tun safe babu."

Na ce, "Me ya haɗa netwok da karatu?"

Kika ce, "Ai mataimakin da ke cikin IDE ɗina ba ya aiki sai da netwok. Shi nake ba irin wannan, ya faɗa min abin da zan gyara."

Dariya na yi, na ɗauka tsokanata kike. Na ce to bar jan, buɗe fayil ɗin ki rubuta min layin da zai bi sunayen gidaje ɗaya bayan ɗaya ya fito da su a allo, mu ga inda yake tuntuɓe. Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ke nan kafin a tafi hutun farko. Na ji kin danna 'yan haruffa, kika tsaya. Na jira. Na ce, "Me kike jira?"

Kika ce, "Ina jira ya ƙarasa."

Na ce, "Wa?"

Kika ce, "Baba, nawa yana ƙarasa min. Wannan naka ba ya yin komai."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwata, ban san lokacin da na dafa teburi ba. Ranar da likita ya faɗa min maganar idona ban firgita haka ba, don wannan na daɗe ina jin zuwansa. Wannan kuwa ko a mafarki ban kawo ba. Ke, da hotonki na ranar kammala jami'a yake rataye a falo, kowa ya shigo sai na nuna masa da sanda? Ke, da na tara mutanen unguwannin Kaladan da Jisonayili na yanka rago saboda ke? Layi ɗaya! Na san na ce, "To me kika yi a jami'ar?" Na san maganar ta yi miki zafi, na ji kujera ta faɗi lokacin da kika tashi. Ba don in ci miki fuska na faɗa ba. Tambaya ce ta gaske, bakina ne ya riga hankalina.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, jiya Mmanki ta kawo min tuwo ta zauna, ta ƙi tashi. In ta ƙi tashi na san akwai magana. Kar ki yi fushi da ita, tsoro ne ya sa ta faɗa. Ta ce kamfanin ba ya yarda a haɗa kwamfutarsu da wani mataimaki na waje, saboda bayanan marasa lafiya da ke ciki, kuma kin san haka tun ranar da suka kira ki. Ta ce kin ce ba komai, za ki ɓoye waya a cikin mayafi, in abu ya kakare ki ɗauki hoton allon, ki fita kamar za ki kama ruwa, ki tambayi mataimakin a banɗaki.

Haba, uwata! Haba! Lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano. Kin san abin da ke cikin allon nan da za ki ɗauka? Sunan mutum ne da ciwon da ko matarsa bai faɗa wa ba. Ni kaina sunana yana cikin irin wannan kwamfutar a asibitin ido. In sun kama ki ba gwajin kaɗai kika faɗi ba, sunanki ne zai zaga, don masu wannan sana'a a ƙasar nan kusan duk sun san juna. In ba su kama ki ba ya fi muni, don haka za ki ci gaba, kullum kina hanyar banɗaki kamar mai ciwon ciki, har ranar da asirin zai tonu a kan babban aiki. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni, shi ya sa na zauna rubutu.

Kin tambaye ni wanne ne ya fi kowanne. Zan ba ki amsa, amma bari in fara da inda ni na yi tuntuɓe, don kar ki ɗauka waliyyi ne ke miki magana.

Lokacin da aka fara kawo kwamfutoci makarantarmu, na je Kumasi na sayo faifan wani IDE a kasuwa wurin wani mai baki kamar rediyo. Ya ce min, "Masta, wannan da shi manyan kamfanonin waje suke aiki." Ban tambayi komai ba. Ban tambayi ko kwamfutarmu za ta ɗauke shi ba, ban tambayi me ya sa abin da ake sayarwa da tsada a duniya yake kwance a tire kusa da batir da tocila ba. Babba ne, shi ke nan, nawa ne. Na sa shi a wata tsohuwar kwamfuta da ko ita kanta da ƙyar take tashi. In na danna shi da safe sai in tafi wurin mai koko, in sha, in ci ƙosai, mu gaisa mu tambayi iyali, in dawo in tarar yana nan yana shirin buɗewa. Lokacin kuma ana fama da dumso, yawan ɗauke wutar nan. Sau da yawa yana gama buɗewa wuta na ɗaukewa. Amma in malamai suka leƙo suka ga allon cike da maɓallai, sai in gyara zama in yi tari.

A cikinsa na rubuta furogiram ɗin haɗa makin jarrabawa. Ranar da za a fitar da sakamako, shugabar makaranta tana tsaye a kaina da jakarta a hammata, iyaye suna jira a ƙarƙashin bishiya, na buɗe shi don in gyara abu ɗaya ƙarami. Sai ya fito da rubutu ƙato a tsakiyar allo cewa wannan kwafin na sata ne, ya kulle kansa. Madam ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi, a gaban kowa, har ƙarshe. Ta ce, "Masta Hamidu, kai ne ke jan ɗalibai salla ko?" Da ƙasa ta tsage da na shige. Da hannu muka haɗa makin nan, ni da malamai huɗu da ba su ƙara amsa gaisuwata da daɗi ba har ƙarshen zango.

Don haka ki ji. Kar ki zaɓi abu don girmansa ko don sunan masu amfani da shi. Ki auna shi da kwamfutar da ke gabanki, a ranar da ta fi kowace rana wahala, ranar da wuta ke wasa, netwok ya gudu, mai aiki yana tsaye a kanki. Kuma kar ki taɓa na sata. Yanzu akwai na kyauta masu kyau da mu a lokacinmu ko a mafarki ba mu samu ba, ba ki da uzurin da ni ma ban da shi.

Bayan wannan kunyar sai na faɗa wani ramin. Na zama mai sauye-sauye. Duk IDE ɗin da na ji an yaba sai na sauko da shi. Wannan makon baƙin allo da koren rubutu, mako mai zuwa shuɗi. Ina ƙara masa wannan, ina cire wancan, ina sauya siffar haruffa. Kina goye a lokacin. Mmanki takan leƙo da ke a baya ta ce, "Masta, yau ma fenti ake yi? Yaushe za a shiga gidan?" In ce mata ba ta gane ba. Ashe ita ce ta gane. Zango guda cur na yi ban gama furogiram ko ɗaya ba, kuma duk cikin waɗanda na sauko da su babu wanda na san yadda ake tsayar da furogiram a tsakiya a cikinsa a leƙa abin da yake riƙe da shi. Abin yana nan a kowannensu, maɓalli ne a gefe, ban taɓa danna shi ba don ba shi da launi mai kyau. Ranar da na koye shi kamar in yi kuka, don kuskuren da nake kwana uku ina nema ya zama na shan shayi ɗaya.

In kin zaɓa, ki zauna. Ki ba shi watanni. Ki koyi abin bin sawun kuskurensa kafin ki koyi sauya masa launi, ki koyi gajerun hanyoyinsa na kibod har yatsunki su riƙe su. Ki dube ni, yau da wannan nake ci.

Tuntuɓe na uku shi ya fi yi min ciwo, don ya taɓa mutum. Kin san Masta Owusu, abokina malamin lissafi, wanda yake kawo miki biskit in ya dawo daga coci. Mun taɓa haɗuwa mu rubuta furogiram na tsara jadawalin darussa. Shi da sauran malaman sashen duk abu ɗaya suke amfani da shi, mai sauƙi. Ya ce in yi amfani da irin nasu. Na ce Allah Ya kiyaye, nawa ya fi. Nawa kuwa na saita shi yadda duk lokacin da na adana fayil sai ya sake jera layukan gaba ɗaya yadda yake so. In na gyara layi ɗaya, fayil ɗin duka sai ya zama kamar sabo, ba mai iya gane abin da na taɓa da abin da ban taɓa ba. Muna musayar aikin a filasha. Wata rana na ɗora nawa a kan nasa, gyaran da ya yi hutu guda yana yi ya tafi. Aka buga jadawali, aka wayi gari malamai uku suna tsaye a ƙofar aji ɗaya, wani ajin kuma ba kowa sai ihu.

Ya zo gidan nan a kan babur ko hular kwano bai cire ba. Ya ce, "Ei, Masta Hamidu! Kai ya kashe ni! Aiki na duka ya tafi. Me ya sa kai ba ya jin magana?"

Maimakon in ba shi haƙuri, kin san abin da na ce? Na ce ai da irin nawa yake amfani da haka ba ta faru ba. Ya dube ni ya ce, "Yoo. Naka ya fi kyau. To kai da shi ku yi aiki." Ya tada babur. Shekarar nan bai zo cin naman salla ba, Mmanki ta ajiye masa kasonsa har ya bushe. Sai da na taka har gidansa a Kukuo na ce na yi kuskure kafin muka koma yadda muke.

Ga amsar tambayarki ke nan, in har tana da amsa. In kin isa Litinin, ki gaida kowa, ki tambayi waɗanda za ki zauna kusa da su da wanne suke aiki, ki ce a sa miki irinsa da irin saitinsu. Ko da kina ganin wani ya fi shi. In kin kakare, na kusa da ke zai miƙo hannu ya danna ba tare da ya tsaya neman maɓalli ba, in kin adana aikinki ba zai ɓata na kowa ba. Sai ki tabbata yana buɗewa da sauri a kwamfutar, yana da abin bin sawun kuskure, kuma yana aiki ko babu netwok. Wanda ya fi kowanne a duniya babu shi, masu rubuta jeri a intanet ne ke ƙirƙiro shi don a danna shafinsu. In kin daɗe, sun san hannunki, sai ki kawo shawarar wani in kina da ita.

Saura kuskurena a kanki, kuma shi ne sabo, bai ma huce ba. Lokacin da kika dawo hutu daga jami'a kika ce an fito da mataimaki mai rubuta wa mutum kod, ni ne na ce, "Kai, zamani! Sa shi mu ji." Kika rubuta rabin layi ya ƙarasa, kika karanta min, na tafa hannu kamar yaro a wurin wasa. Na ce ki yi amfani da shi ki huta, wahalar da muka sha ba sai kin sha ba. Daga ranar ban ƙara cewa ki zauna kusa da ni ki rubuta abu ina ji ba. Makinki kawai nake tambaya, in tafi majalisa in faɗa. Malamin da ya yi shekaru yana zagaya aji yana leƙa allon 'ya'yan mutane, bai leƙa na 'yarsa ba. Ba zan fake da ido ba, kunne yana nan, ranar Alhamis ma ai da kunne na gane. Don haka da na ce me kika yi a jami'a, kamata ya yi in haɗa da me ni na yi a gida.

Kar ki ɗauka gaba nake yi da mataimakin nan. Da ina da ido da na yi amfani da shi, wallahi. Amma yana kuskure, kuma in ya yi ba ya jin kunya, da murya ɗaya yake faɗin daidai da ba daidai ba. Wanda ya iya aikin zai kama shi ya gyara. Wanda bai iya ba zai ɗauka ya miƙa, a aikin asibiti kuwa abin da aka miƙa yana iya zama adadin maganin da za a ba yaron wata. Inda aka yarda da shi, ki kunna shi bayan kin fara gwadawa da kanki, kuma kar ki karɓi layin da ba za ki iya yi wa wani bayaninsa ba. Inda aka hana, an hana. Ki bar wayar a jaka.

Jan rubutun nan kuma da kike gudu, uwata, ba zagi ba ne. Shi kaɗai ne a ɗakin yake faɗa miki gaskiya. Yawansa ne ke ba ki tsoro, to ba duka ake karantawa ba. Ki fara daga ƙasa. Layin ƙarshe zai faɗa miki abin da ya faru, na samansa zai faɗa miki sunan fayil da lambar layin. Ki je wurin. In ba ki ga komai ba, ki tsayar da furogiram ɗin kafin layin, ki taka shi a hankali, kina duba abin da kowane suna yake riƙe da shi, har ki ga wanda yake riƙe da abin da bai kamata ba. In kin manta yadda ake rubuta wani abu, littattafaina suna kan kabad, duba littafi ba abin kunya ba ne. In a ofis ne, ki juya ki ce wa na kusa da ke, "Ban gane wannan ba, ga abin da na gwada." Duk mai hankali ya fi son jin haka daga sabon ma'aikaci.

Kuma ban yarda kanki ba komai ba, ko da ke kin yarda. Shekararki ta farko a jami'a, kafin abin nan ya zo, kin kira ni ina cikin yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, a hanyar kasuwa, kina ihu har direba ya juyo, wai kin kama kuskuren da ya hana ki cin abinci tun safe, da kanki. Yarinyar nan ba ta mutu ba. Hannu ne ya yi barci don an daɗe ba a aike shi ba.

Idan kika yi gwajin nan da hannunki kika faɗi, ki hau mota ki dawo. Ba wanda zai ce miki uffan a gidan nan, wanda ya ce a waje kuma ni da shi ne. Mu zauna, ke ido ni baki, mu fara daga aji ɗaya, wata uku ya ishe ki, ki sake nema. Wannan faɗuwar zan iya ɗauka. Waccan hanyar ta banɗaki ce ba zan iya ba.

Yanzu maganar bohol. Har yau ban gyara ba. Jiya Mma Sanatu, shugabar matan layinmu, ta zo tun da safe ta tsaya a zaure. Ta ce, "Masta, waya ba ya magana kwana biyu. Mata ya yi faɗa, bokiti na Adisa ya fashe, ni ya gaji." Na ba ta haƙuri, na ce ta raba musu da baki zuwa Lahadi. Ta ce, "Wa zai gyara? Kai ba ya gani." Na ce uwata za ta gyara. Ta ce, "Naa," wato ta ji, ta tafi. Da na kira Masta Owusu ya karanta min jan rubutun da tuni an wuce wurin, ya ma yi tayi da ya ji labari. Na ce ya dakata.

Gobe in Allah Ya kai mu, motarki sai bayan azahar. Da na karya kumallo zan ɗauki sandata in tafi shagon Alhaji mai taya in zauna, don kar ki ji numfashina a bayanki. Mmanki za ta je gidan suna. Kwamfutar tana kunne, kujerar tana wurinta, ban taɓa komai ba. Netwok ya dawo, na sani, laftof ɗinki da wayarki suna hannunki, ni kuma ko ina ɗakin ba zan ga abin da kika buɗe ba. Ba wanda zai sani sai ke da Allah. Ina roƙonki, roƙon ɗa ga uwarsa, ki bar su a ɗakinki ki shiga da hannu biyu kawai.

In kin gwada ya ƙi, ki kashe ta ki ja ƙofa, Owusu zai zo da yamma. Zan same ki a tasha in sa miki albarka, ba zan tambaye ki komai ba, albarkar kuma ba za ta ragu ba. In kuwa ya yi, ba sai kin zo kin faɗa min ba. Lambata ce ta ƙarshe a cikin waɗanda yake tura wa saƙo, haka na tsara shi don in san kowa ya samu nasa. Zan sa wayar a aljihun gaba, in ce wa Alhaji ya rage rediyo.

Allah Ya yi miki albarka, uwata. Ya buɗe miki ƙirji, Ya daidaita miki hannu, Ya raba ki da abin kunya a ɓoye da sarari. Ya kai ki Kumasi lafiya, Ya haɗa ki da abokan aiki masu haƙuri, Ya tsare ki a hanya da masauki da wurin aiki, Ya dawo mana da ke muna masu farin ciki. Na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe min maganar ranar Alhamis.

Wassalam.

Ɗanki kuma mahaifinki,
Hamidu